Yadda Ake Shirin Neman Gurbin Likitanci a Manyan Jami'o'in Saudiyya

Na daɗe ina zama da yaran unguwarmu a nan Makka bayan sallar isha'i muna shirin jarrabawar shiga jami'a, wasu 'ya'yan 'yan'uwana, wasu na maƙwabta daga Shara Mansur har Rusaifa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da zai gama sanawiyya, wato babbar sakandare, da maki 99, a gida har an fara kiransa Dakta, amma ranar da sakamako ya fito a tarar likitanci ya kuɓuce masa. Yawanci yaron ya yi ƙoƙarinsa, babu dai wanda ya zaunar da shi tun da sauran lokaci ya nuna masa yadda jami'a take lissafinta. Don haka wannan bayani na ɗalibin aji ɗaya da aji biyu na sanawiyya ne, mace ko namiji, da iyayensu. Wanda ya riga ya shiga aji uku ma zai samu abin ɗauka, sai dai dole ya haɗa da gudu.

Kayan da za ka tanada

- Hawiyya, wato katin shaida, idan kai ɗan ƙasa ne, ko igama mai rai, wato takardar izinin zama, idan mazauni ne, da fasfo.
- Asusun Absher da na Nafaz, manhajojin gwamnati na takardu da tantance mutum, da lambar waya taka ta kanka wadda ba za ka canza ba har ka shiga jami'a.
- Asusun Noor, inda makinka na makaranta yake, da asusu a shafin Ƙiyas, cibiyar da ke shirya jarrabawar Ƙudurat da Tahsili, jarrabawa biyun da jami'a ke dubawa wajen karɓa.
- Littattafan makaranta na aji ɗaya, biyu da uku na darussa huɗu: Ahya, Kimiya, Fiziya da Riyadiyat, wato ilimin halittu, sinadarai, fizis da lissafi. Kada a zubar da na bara, kada a kyautar.
- Littafin rubutu mai kauri guda ɗaya. Shi ne littafin kurakurai, zan yi bayaninsa a gaba.
- Agogo na tebur don auna lokaci. Agogon waya yana janyo mutum zuwa wani wuri.
- Kwamfuta idan da hali. In babu, waya ta isa karatu, amma ka nemi aron kwamfuta ko sau biyu ne kafin jarrabawa don hannunka ya saba, domin akan yi ta a kwamfuta.
- Kuɗin rajistar jarrabawa, da ake biya ta Sadad.

1. Fara da duba matsayin takardunka

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kujerun likitanci a jami'o'in gwamnati na ɗan ƙasa ne, da kuma wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, domin shi ma ana ɗaukarsa kamar ɗan ƙasa a harkar karatu. Mai igama yana iya neman abin da ake kira minha dakhiliyya, wato gurbin kyauta na mazauna, amma a mafi yawan jami'o'in gwamnati fannonin lafiya ba sa cikin wannan gurbin. Na ga yarinyar da ta shekara biyu tana kwana a kan littafi, sai ranar cike takarda ta gano ba za a ma nuna mata likitanci a jerin zaɓi ba. Kukan da ta yi a ranar har yanzu ina jin sa. Iyaye, ku faɗa wa yaro gaskiya tun yana aji ɗaya, ba don a karya masa gwiwa ba, sai don ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mai igama yana da hanyoyi. Akwai kwalejoji masu zaman kansu da ke karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba, kamar Jami'ar Alfaisal a Riyad, da Batterjee, Ibn Sina da Fakeeh a Jidda, amma kuɗinsu mai nauyi ne, kuma shekara shida za a yi ana biya, saboda haka a yi lissafin duka shekarun kafin a sa ƙafa. Akwai komawa gida Najeriya ta hanyar JAMB, inda mai neman likitanci ke rubuta Turanci, ilimin halittu, sinadarai da fizis, a nemi ABU Zariya ko Bayero Kano ko Ɗanfodiyo Sakkwato. Akwai Masar. A da Sudan ce mafakar yaranmu da yawa, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya dagula wannan hanya.

Sannan ka jera igama, fasfo da takardun makaranta a gabanka, ka duba sunanka harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. Sunayenmu suna shan wahala a hannun masu rubutu: nan Muhammadu, can Muhammad, nan an sa sunan kaka, can an cire. Gyaran suna yana cin watanni, a yi shi yanzu.

2. Zaɓi masar ɗin da zai kai ka

A tsarin masarat, wato rabuwar ɗalibai zuwa fannonin karatu da ake kiran kowanne masar, shekarar farko ta sanawiyya kowa tare yake, daga nan ake rabuwa gida biyar. Mai son likitanci ya nemi masar ɗin lafiya da rayuwa. Ba kowace makaranta ke da shi ba. In taku ba ta da shi, kuma sauya makaranta zai yi wuya, ka zauna a masar na gama-gari, shi ma yana ɗauke da darussan kimiyya. Na shari'a da na kasuwanci ba su ne hanyar kwalejin likita ba, komai yawan abokanka da suka tafi can.

3. Koyi lissafin nisba mauzuna da hannunka

Nan ne zuciyar maganar. Jami'a ba ta kallon makin sanawiyya shi kaɗai. Tana haɗa abu uku ne, makin sanawiyya, na Ƙudurat da na Tahsili, kowanne da kasonsa, abin da ya fito shi ake kira nisba mauzuna, kuma da shi ake jera masu nema daga sama zuwa ƙasa har kujeru su ƙare. Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad, wadda kwalejin likitancinta ce ta farko a ƙasar, ta daɗe a kan kashi 30 na sanawiyya, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. Kowace jami'a tana sanar da nata kason a jagoran karɓa na shekara, don haka ka nemo na Ummul Ƙura, na Sarki Abdul'aziz a Jidda, na Ɗayyiba a Madina, ka rubuta su a shafin farko na littafinka.

Ɗauki biro mu gwada da 30, 30, 40. Ɗalibi na farko yana da 99 a sanawiyya, 85 a Ƙudurat, 80 a Tahsili. Wato 29.7 da 25.5 da 32, jimla 87.2. Na biyu yana da 96 a sanawiyya, 93 a Ƙudurat, 95 a Tahsili. Wato 28.8 da 27.9 da 38, jimla 94.7. A makaranta na farko ne ake yi wa tafi, amma a wurin jami'a na biyu ya ba shi tazarar maki bakwai da rabi, kuma a layin likitanci ko rabin maki yana raba mutum da kujera.

Ka lura da dalili. Kusan duk masu neman likitanci makinsu na sanawiyya a sama yake, kusa da juna, don haka ba ya rarrabe kowa. Jarrabawar Ƙiyas biyu ɗin nan su ke rarrabewa. Wannan ba ya nufin ka saki makaranta, domin makin sanawiyya tarawa ake yi tun daga aji ɗaya, kuma wanda ya yi wasa a shekarar farko yana jan wannan nauyin har ƙarshe. Ka riƙe makaranta da kyau, amma lokacinka na dare ka ba Ƙiyas.

4. Gama da Ƙudurat tun kana aji biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana fara shiga Ƙudurat tun daga aji biyu, ana ba da dama fiye da ɗaya, kuma mafi girman makinka ake ɗauka. Burinka shi ne ka rufe babinta kafin ka shiga aji uku, don shekarar ƙarshe ta zama ta Tahsili. Wanda ya haɗa su biyun a aji uku yakan raba ƙarfinsa, ya fito da rabi-rabi.

Jarrabawar kashi biyu ce, lafzi, wato ɓangaren harshe, da kammi, ɓangaren lissafi. Ba ta tambayar abin da ka haddace a aji, tunani da sauri take aunawa, kuma kusan minti ɗaya ne ke gare ka a kowace tambaya.

A kammi ba a shiga da na'urar lissafi. Daga yau ka ajiye ta, ko a aikin gida. Haddace murabba'in lambobi daga 1 zuwa 25, da yadda ake juya kaso zuwa ɗari, kamar ɗaya bisa takwas 12.5 ne cikin ɗari, da ɓangarorin alwatika da ke yawan dawowa: 3, 4, 5 da 5, 12, 13 da 8, 15, 17. Idan tambaya ta cije, kada ka tsaya warware ta ta doguwar hanya, ka gwada amsoshin da aka ba ka ɗaya bayan ɗaya. A tambayoyin muƙarana, inda ake cewa ka gwada ƙima biyu, yara suna faɗawa rami guda. Za a ce wanne ya fi, lamba ko murabba'inta, sai yaro ya gwada da 3 ya ga 9 ya fi, ya wuce. To in lambar rabi ce fa? Murabba'inta kwata ne, ya gaza ta. Kullum ka gwada da sifili, da ɗaya, da lambar da ke ƙasa da sifili, da rabi, kafin ka yanke.

A lafzi ne yaranmu suka fi zubar da maki, kuma na san dalili. A gida Hausa, a titi Larabcin Hijaz, jarrabawa kuwa da fusha, wato Larabcin littafi, take zuwa. Maganinsa karatu ne kullum: shafi biyu ko uku na rubutun fusha mai nauyi, ka rufe, ka faɗi abin da ya ƙunsa da bakinka. Wanda ya yi haddar Alƙur'ani yana da jari babba a nan, domin kalmomi da yawa ya riga ya san su, saura ya koyi ma'anarsu. A tanazur lafzi, inda ake ba ka kalma biyu a ce ka nemo masu irin dangantakarsu, ka ƙulla jimla da su tukuna. Alƙalami da rubutu: da wannan ake yin wancan. Sai ka ɗora jimlar a kan kowane zaɓi, ka kula da wanda ya zo farko da wanda ya zo baya, don sukan juya su da gangan. A fahimtar nassi kuwa ka karanta tambaya kafin nassin.

Tsarin karatun shi ne ta'sis tukuna, wato koyon tushe babi-babi, kamar wata biyu, sannan tajmi'at, tambayoyin baya da ɗalibai ke tarawa suna yaɗawa a Telegram. Tajmi'at suna da amfani, amma amsoshinsu ba wahayi ba ne, na sha kama kuskure a ciki. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta ta a littafin kurakurai da dalilin faɗuwar: ban san ƙa'idar ba, ko na yi gaggawa, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Kowace Juma'a ka koma kansa. Bayan wata guda za ka ga kurakuranka iri uku ne ko huɗu suke ta maimaituwa.

Gargaɗi biyu. Kada ka ƙona damarka da sunan "bari in je in gani", domin damar ƙidayayya ce. Kuma kada ka bar tambaya babu amsa, ba a rage maki don kuskure.

5. Ba Tahsili shekara guda cur

Tahsili tana tambaya ne daga littattafan makaranta na darussa huɗun nan, na duka shekaru uku, aji uku ya fi yawa. Sau biyu ake yin ta a shekara, a rabin ƙarshe na aji uku. Ka yi rajistar duka biyun, ka shiga ta farko kamar babu ta biyu.

Fara a hutun da ke tsakanin aji biyu da uku, da littattafan aji ɗaya da biyu, tun ba su gama bushewa a kanka ba. Ahya hadda ce da fahimtar hotuna, kuma tambayoyinta ba sa cin lokaci, don haka a nan ake tara minti a kai wa lissafi. A Fiziya ka ware shafi guda na ƙa'idoji da ma'aunansu, sau da yawa ma'aunin kaɗai yana nuna maka amsa. A Kimiya ka riƙe jadawalin sinadarai da yadda halayensu ke sauyawa daga hagu zuwa dama da sama zuwa ƙasa, da lissafin mol, da sunayen sinadaran kabon. Kuskuren da na fi gani shi ne mai son likitanci ya rungumi Ahya don yana jin daɗinta, ya yi wa Riyadiyat riƙon sakainar kashi, alhali a jarrabawar babu wadda ta fi wata daraja.

Wanda ba shi da kuɗin daura, wato darasin kuɗi, kada ya damu. Darussan tashar Ain suna nan kyauta a YouTube, littafin ma'aikatar ilimi kuma shi ne asalin da ake ciro tambaya. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki darasin da ya fi iyawa ya koya wa saura. In kun wuce huɗu hira za ta ci zaman.

Ina da roƙo ga iyaye a nan. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a tsakiyar wannan shiri, kuma mun san azumi a Makka lokacin nema ne, kowane hannu ana buƙatarsa, a shago ko a kicin. Wannan shekara ɗaya tak ku ɗaga wa yaron. 'Ya mace musamman, wadda daga la'asar tana kan sambusa da kunu har a sha ruwa, sannan wanke-wanke, a sama mata awa uku da babu mai kiranta. Bayan asuba ko bayan tarawihi, duk wanda ya fi mata.

6. Turanci

Da Turanci ake karantar da likitanci a nan. Wasu jami'o'in suna neman jarrabawar Turanci ta STEP, wadda ita ma Ƙiyas ke shiryawa, wasu suna karɓar IELTS. Ko ba a nema ba, ka ba shi minti ashirin kullum tun daga aji ɗaya, karatu da saurare. Wanda a gidansu akwai mai Turancin Najeriya ya riƙe shi da kyau.

7. Awannin aikin sa-kai

Tsarin masarat yana neman awa 40 na aikin sa-kai kafin a kammala. Ka yi su da wuri, a aji ɗaya ko biyu, ta dandalin aikin sa-kai na ƙasa don su shiga rajista. Mu da ke Makka da Madina Allah ya kawo mana dama har gida, hidimar alhazai da masu umara. In ka samu wadda ta shafi lafiya, ka ɗauka, za ka ga ko zuciyarka tana jure ganin mara lafiya.

8. Cike takarda da jera zaɓi

Daga 2025 neman gurbi ya koma dandali guda na ƙasa mai suna Ƙabul, ana shiga ta Nafaz, makinka na Noor da na Ƙiyas kuma suna zuwa da kansu. Ka duba su da idonka ko sun yi daidai.

Jera zaɓi bisa abin da kake so da gaske, na farko shi ne wanda ka fi so. Bayan likitanci a jami'ar da kake buri, sa likitanci a sauran jami'o'i, har da na garuruwan da ba ka taɓa tunanin zama ba, in iyaye sun amince. Wannan shawara a yi ta a gida tun kafin a buɗe dandali, musamman ga 'ya mace, kada sai gurbi ya fito a Baha ko Jazan a fara taron dangi. Kada ka manta da Jami'ar Sarki Sa'ud bin Abdul'aziz ta Kimiyyar Lafiya, mai rassa a Riyad, Jidda da Ahsa. Daga nan sai haƙori, haɗa magunguna da sauran fannonin lafiya. Kada ka cika zaɓi uku ka tashi don ka yarda da kanka.

Makin da aka tsaya a kai bara manuniya ce kawai, yana hawa yana sauka bisa ga waɗanda suka nema a shekarar.

In gurbi ya fito, akwai wa'adin tabbatarwa, kuma gajere ne. Wani yaro a wajenmu ya yi rajista da lambar kawunsa, kawun ya tafi gida ganin dangi da layin a aljihu, saƙo ya je can, saura ƙiris wa'adi ya wuce. Shi ya sa na sa lambar waya cikin kayan aiki. A makonnin nan ka shiga dandalin safe da yamma, kada ka jira saƙo.

9. Hira da gwajin lafiya

Wasu kwalejojin suna kiran hira, kuma akwai gwajin lafiya. A hira za a tambaye ka dalilin son likitanci. "Ina son taimakon mutane" kowa zai faɗa. Ka kawo abu ɗaya da ka gani da idonka, tsohon alhajin da zafi ya kayar a gabanka, ko jinyar kakarka da ka yi. Ka sa wani babba ya yi maka tambayoyi a gida sau biyu ko uku, da Larabci da Turanci. Ka isa da wuri da asalin takardunka da kwafinsu.

10. Bayan an karɓe ka, ko in ba a karɓe ka ba

A jami'o'i da dama karɓar farko ta shiga masar ɗin lafiya ce, sai an yi shekarar farko ta haɗaka sannan a raba ɗalibai bisa makinsu, waɗansu likitanci, waɗansu haƙori, waɗansu magunguna. Ka tambaya tun farko ko jami'arka kai tsaye take ɗauka ko sai bayan wannan shekarar. In ta biyun ce, hutun da ke gabanka na Turanci ne da kalmomin likitanci, domin gasar da ke ciki ta fi ta waje zafi, kowa a ajin gwani ne a makarantarsu. A gaba akwai shekara shida, har da ta farkon nan, da shekarar imtiyaz, wato horo a asibiti, ɗalibin jami'ar gwamnati kuma yana samun mukafa'a, wato alawus, ta kusan riyal 1000 a wata.

In gurbi bai fito ba, ka ɗauko lissafin mataki na uku ka ga inda makin ya zube. In Tahsili ce, ana sake ta bayan an gama makaranta, a sake nema baɗi, sai dai kwalejojin lafiya sun fi son sabuwar shahada, wato takardar gama sanawiyya, don haka ka karanta sharaɗin shekarun shahada na kowace jami'a kafin ka yanke shawarar zama. In kuwa ka karɓi wani fannin da niyyar sauyawa zuwa likitanci daga baya, ka sani kujerun sauyi kaɗan ne ƙwarai, ka je ofishin karɓa da rajista ka nemi sharuɗɗansu a rubuce tun makon farko.